Gwanjon kifayen ado: in je in saya, kuma dole ne sai na killace abin da na sayo?

Wani ƙanenmu da ke karatu a nan Amurka ya rubuto mini cewa: "Assalamu alaikum Yaya. Ina da tanki mai cin galan 40, da 'yan ƙananan kifayen ado, tetira da gopi, a ciki, wata takwas ke nan ban rasa ko ɗaya ba. Na ga a Facebook wata ƙungiyar masu kiwon kifin ado za ta yi gwanjo a garinmu ƙarshen wata. In je? Kuma tunda masu kiwo ne za su kawo kifayen, ba 'yan kasuwa ba, dole ne sai na killace su? Ɗakina ƙarami ne, ba ni da wurin tanki na biyu."

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka je. Ko ba za ka sayi komai ba ka je, don abin da za ka koya a yini ɗaya a wurin ya fi abin da za ka tsinta a wata uku kana kallon bidiyo. Amma tambayarka ta biyu ita ce ta farko a wurina, domin ita ce za ta yanke yawan abin da za ka saya. Idan ba ka da inda za ka ajiye sabon kifi shi kaɗai na wata guda, to ka bar katin tayi a aljihu, ka yi kallo, ka sha shayi, ka dawo gida.

Bari in fara da yadda abin yake tukuna, don kada ka shiga kana rarraba ido. Yawanci ƙungiya kan kama wani zaure, na coci ko na makaranta ko na otal. Masu sayarwa su zo da sassafe da kuloli cike da ledoji, kowace leda da lambarta: lambar mai ita da lambar ledar, sai sunan kifin da yawansa. A jera su a kan tebura, a ba mutane awa ɗaya ko biyu su zagaya su duba kafin a fara. Kai mai saye za ka yi rajista a ba ka kati mai lamba, shi za ka ɗaga idan kana taya. Ƙungiya takan ɗauki wani kaso na kuɗin kowace leda, a wurare da yawa kashi 30 cikin 100, sauran ya koma wa mai kifi. Babu "albarka", babu "ƙara mini ɗaya". Wanda katinsa ya rage a sama shi aka sallama wa, kuma da zarar an miƙo maka leda ta zama taka, ko da kifin ya kife a hanyar gida.

Abin da ya sa nake son gwanjo bai wuce abu biyu ba. Na farko, kifin da aka haifa a gidan wani a garinku ya tashi ne a ruwan famfon da kai ma kake amfani da shi. Bai kwana a jirgi daga gonakin kifi na Singafo ko Tailan ba, bai bi ta hannun dillalai uku ba, bai zauna a shagon da tankuna hamsin ke shan ruwa daga matata ɗaya ba. Na biyu, akwai kifayen da ba za ka taɓa gani a shago ba sai a hannun masu kiwo. Ranar da na fara zuwa irin wannan taro na ɗaga wata leda na ga an rubuta Fundulopanchax gardneri, a gabansa kuma "Makurdi". Na ɗaga ta kusa da ita, "Jos Plateau". Wani ɗan kifi ne da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, shuɗi-shuɗi da jajayen ɗigo, kakanninsa an kamo su a ƙoramun ƙasarmu shekaru da yawa da suka wuce, ga wani dattijon Bature yana ta bayanin yadda yake tsince ƙwansu da hannu daga cikin zaren ulu. Na tsaya ina kallonsa kamar na haɗu da ɗan unguwarmu a tasha. Haka kiribensis ɗin da ke cika kowane gwanjo, asalinsa kudancin Najeriya da Kamaru ne, sunan ma daga garin Kribi na Kamaru aka samo shi. Kurungun da muke ci da miya a gida, danginsa suna nan a leda ana taya su da dala.

To amma kada daɗin wannan ya rufe maka ido. Mai kiwo mutum ne kamar kowa. Wani gwani ne, ɗakin kifinsa ya fi asibiti tsabta. Wani kuma ya zo ne ya sauke abin da ya dame shi. Kai da ke riƙe da leda ba ka da hanyar bambance su, sai abin da idonka ya gani da abin da ka tambaya.

Don haka lokacin zagayen nan kafin a fara shi ne cinikin gaskiya, abin da ya biyo baya ɗaga kati ne kawai. Ka tafi da 'yar tocila, da biro da takarda. Ka ɗaga leda a hankali zuwa haske, kada ka girgiza ta. Kifi a leda kullum yakan koɗe saboda tsoro, wannan ba ciwo ba ne, kada ka ƙi kifi don launinsa ya dusashe. Abin da za ka duba daban ne. Ka kalli fukafukansa: a buɗe suke ko ya manne su a jiki? Ka kalli cikinsa: idan ya lotsa ciki kamar an matse, ko bayansa ya yi siriri kamar wuƙa, ajiye ledar. Ka kalli numfashinsa, ko murfin kunnensa, wato inda yake numfashi a gefen kai, ɗaya yana motsi ɗaya a rufe. Ka haska tocilar a gefe, ba ta gaba ba, ka ga ko akwai farin ɗigo kamar an barbaɗa gishiri, ko wata ƙura mai ruwan zinare a fatarsa. Ka leƙa ƙasan cikinsa wajen mafitar kashi, ko wani jan zare na leƙowa. Ka duba ruwan ledar kansa. Mai kiwon da ya san aikinsa yakan hana kifi abinci kwana ɗaya ko biyu kafin ya ɗaure shi, ya sa ruwa kashi ɗaya iska kashi biyu, ya ninka leda biyu. Idan ka ga leda cike da ruwa har wuya, kashi na yawo a ƙasa, ruwan ya yi hazo, ka gane hannun da ya ɗaure ta. Idan kuma ka ga mataccen kifi ɗaya a cikin shida, ba ledar kaɗai za ka bari ba, ka rubuta lambar mai ita ka guji sauran kayansa na ranar.

Ka karanta rubutun ledar da kyau. F1 na nufin 'ya'yan kifin da aka kamo daga daji, F2 jikokinsu. Lambar da ta fara da L, kamar L046, ta kifayen fileko ce na Kudancin Amurka, masu manne bakinsu a jikin gilashin tanki, wata mujallar Jamus mai suna DATZ ce ta fara wannan lissafi a 1988 don kifayen da ba a riga an ba su sunan kimiyya ba. Sunan gari a gaban sunan kifi, irin Makurdi ɗin nan, amana ce: ka kwafe shi yadda yake, kada ka haɗa na Makurdi da na Akure a tanki ɗaya, domin matan kamarsu ɗaya, in sun cakuɗa an ɓata zuriyar da mutane suka yi shekaru suna tsarewa. Ledar da aka rubuta mata "siklid na Malawi, gauraye" kuwa, wato dangin karfasa na tafkin Malawi, yawanci ruwa biyu ne. In don ado kake so, ba laifi. In kiwo za ka yi, bar ta.

Kuma ka nemi mai ledar. Yawancinsu suna nan a zauren, kuma ba abin da suke so kamar a tambaye su. Wane ruwa yake ciki, na famfo ne ko wanda aka tace? Zafi nawa? Me yake ci? Tambayar da na fi so ita ce: "Yaushe ka shigo da sabon kifi ɗakinka na ƙarshe?" Wanda ya ce maka ya yi shekara bai shigo da komai ba, kifinsa ya fi kwanciyar hankali a kan wanda ya ce makon jiya ya dawo daga wani gwanjon.

Wajen tayi ba ni da dogon bayani. Rubuta iyakar kuɗinka a gaban kowace lamba tun kafin a fara, in an wuce ta sauke hannu. Ledojin farko sukan yi tsada don kowa na da kuɗi da zumuɗi. Can wajen la'asar, mutane sun gaji sun fara tafiya, sai ka ga ana sallama leda a dala ɗaya ko biyu. A nan ne sababbin zuwa ke faɗawa. Araha ba ta ado. Kifin dala biyu da zai girma ya kai tsawon hannunka, ko wanda zai kashe duk abin da ke tankinka da faɗa, ba riba ka ci ba. Ka tuna kuma ledar da aka sallama maka da la'asar tun daren jiya ko asuba aka ɗaure ta. Ka je da kula, ka sa ledojin ciki ka rufe, duhu na kwantar musu da hankali. In lokacin sanyi ne kada ka bar kular a but ɗin mota ka tsaya cin abinci. Daga zaure sai gida.

Yanzu ga maganar killacewa, kuma zan gaya maka yadda na koye ta. Shekarun baya na sayi gopi guda shida daga hannun wani mutum da kowa ke yabo a ƙungiyarmu. Na duba su ba abin da na gani. Tankin killacewata na cike da wasu 'ya'yan kifi a lokacin, na ce ai wannan mutumin ba ya wasa, na zuba su kai tsaye a babban tankina. Mako ɗaya lafiya, mako uku lafiya, har na manta. Can wajen wata biyu wata safiya ina shan shayi a gaban tanki, sai na ga wata macen gopi ta tsaya cak kusa da hita, wasu jajayen zarurruka guda uku na leƙowa daga ƙasan cikinta, suna motsi. Da ta yi iyo sai su koma ciki. Tsutsar Camallanus ce. Kafin idonka ya ga wannan zaren, uwar tsutsar ta daɗe tana zubar da 'ya'ya a ruwa, sauran kifaye sun tsince su daga ƙasa. Na duba da tocila, kiribensis ɗina biyu da na yi shekara uku da su duk suna ɗauke da ita. Na yi magani har sau uku, na zuƙe ƙasan tanki har na gaji, macen kiribensis ɗin dai ba ta tashi ba. Mutumin nan bai cuce ni da gangan ba. Da na gaya masa, shi ma sai a lokacin ya je ya duba nasa ya gani.

Abin da nake so ka fahimta ke nan. Killacewa ba zargin mai sayarwa ba ce. Makiyayin da ya sayo tunkiya a kara ba ya sakinta cikin garke ranar, ko da daga hannun ɗan'uwansa ya saya, haka mai kaji. Kifi na iya ɗauke da cuta a ɓoye, jikinsa na danne ta muddin yana zaune lafiya a gidansu. Sai a kama shi da raga, a ɗaure a leda, ya yini a kan tebur ana ɗaga shi ana ajiyewa, zafi ya sauka ya hau, sannan a jefa shi ruwan da bai sani ba. Wannan wahalar ce ke karya garkuwar jikinsa, abin da ke ɓoye ya fito. Akwai kuma ɗaya gefen da mutane ke mantawa: kifayenka na gida su ma suna da nasu ƙwayoyin da suka saba da su, baƙon da ya iso a gajiye shi ne zai fara kamuwa.

Ka ce ɗakinka ƙarami ne. Tankin killacewa ba kayan ado ba ne, ba sai na gilashi ba ma. Tanki mai galan 10, wato kimanin lita 38, ya ishi irin ƙananan kifayen da kake kiwo, kuma robar ajiye kaya mai haske wadda ba a taɓa sa mata sabulu ba za ta yi aikin. Ƙarƙashin teburin karatunka ya isa. Ƙasan tankin a bar shi fili, ba tsakuwa ba yashi, don ka riƙa ganin kashin kifin da abin da ya faɗo, kuma tsakuwa na shanye magani tana ɓoye ƙwai. Ka sa hita da ma'aunin zafi, da guntayen bututun roba biyu ko tukunyar fure ta ƙasa inda kifi zai ɓuya, da murfi. Murfin nan kada ka raina shi, musamman in ka sayo 'yan Makurdin nan, tsalle suke yi ta ramin da ba ka zata ba, da safe ka tsince su a bushe a kan kafet.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne matatar soso, kuma yau za ka fara shirinta, ba ranar gwanjo ba. Kifi na fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi, ta kunnuwansa da kashinsa. Wasu bakteriya masu amfani ne ke mayar da ita naitirait, wasu su mayar da naitirait ɗin zuwa naitiret mai sauƙin illa. Sabon tanki ba shi da su, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu da kansu. Mutane da yawa da ke cewa "na killace kifi ya mutu a killace" ba cuta ce ta kashe shi ba, amoniya ce. Ka sayi matatar soso yau ka jefa ta cikin babban tankinka tana aiki, kafin ƙarshen wata ta ɗauki bakteriya, ranar gwanjo ka ɗauke ta ka mayar ƙaramin. In lokaci ya ƙure, yanki ɗan soson da ke cikin matatar babban tankin ka yi amfani da shi. Amma hanyar ɗaya ce: abin da ya shiga tankin killacewa ba ya komawa babba sai an kashe ƙwayoyin da ke jikinsa. Ragarsa daban, bokitinsa daban, mesar zuƙe ruwansa daban. Ni jan salatif nake naɗa wa nasa don kada in ruɗe. Kullum ka fara hidimar babban tanki, ka ƙare da na killacewa, ka wanke hannu. Ɗigon ruwa ɗaya a jiƙaƙƙiyar raga ya isa ya rushe duk wahalar da ka sha.

Idan ka iso gida, rage hasken ɗaki, ka ɗora ledar a rufe a kan ruwan tankin minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya daidaita. Daga nan akwai saɓani tsakanin masu kiwo: wasu na buɗe ledar su riƙa ɗiga mata ruwan tanki a hankali, wasu na sakin kifin nan take. Ga kuma inda na tsaya. Kifin da ya daɗe a leda ya cika ruwan da iskar da yake fitarwa, wannan ya sa ruwan ya yi tsami, tsamin kuma ya mayar da amoniyar da ta taru zuwa nau'in da ba ya cutarwa sosai. Da ka buɗe leda iskar ta fice, tsamin ya ragu, amoniyar ta koma guba alhali kifin na ciki. Don haka ledar da ta kwana a ɗaure ba na tsayawa ɗiga mata ruwa na awa guda. In buɗe, in juye a raga a kan bokiti, in saki kifin a tanki, ruwan ledar in zubar. Ɗigawa a hankali sai in ledar ba ta daɗe ba kuma ruwan mai ita ya sha bamban da nawa, ko in jatan lande ne, su ba sa jure canji na farat ɗaya. Ko ta wace hanya, ruwan leda ba ya shiga tankina. Ranar farko ba abinci, ba fitila.

In ka sayo daga mutum uku, a ƙa'ida tanki uku ne. Na san ba za ka yi ba. To ka sani in ka haɗa su sun zama garke ɗaya, abin da ya sami ɗaya ya sami duka. Shi ya sa na ce maka tun farko tankin killacewa ne ke yanke yawan sayayya. Mai tanki ɗaya ya sayi leda ɗaya ko biyu, in da hali daga hannu ɗaya.

Kwana nawa? Mako huɗu shi ne mafi ƙaranci a wurina, kuma ina kai gopi da danginsu masu haihuwar 'ya'ya, da duk kifin da aka kamo daga daji, mako shida ko fiye. Lissafin daga ranar ƙarshe da ka ga alamar ciwo yake farawa. In ka yi mako uku lafiya sai ɗigo ya fito, ka yi magani, ka koma ɗaya. In ka ƙara sabon kifi a tankin, ka koma ɗaya.

Dalilin wannan tsawon yana cikin yadda cututtukan ke rayuwa. Ɗauki cutar farin ɗigo, wadda ake kira ik, ƙwaronta Ichthyophthirius multifiliis. Ɗigon da kake gani ƙwaron ne ya shige ƙarƙashin fata yana ci, a nan magani ba ya isa gare shi. In ya ƙoshi sai ya faɗo ƙasa ya rufe kansa da kwanso, ya rarrabu zuwa ɗaruruwa, nan ma magani ba ya taɓa shi. Sai sun fashe sun fito suna iyo suna neman kifi ne kawai ake iya kashe su, kuma in ba su sami kifi ba cikin kwana biyu sukan mutu da kansu. A ruwa mai zafin digiri 25 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas zagayen ba ya kai mako guda, a ruwan sanyi yakan ɗauki makonni. Shi ya sa wanda ya daina magani ranar da ɗigo ya ɓace yake ganinsa ya dawo ninki. Ka ci gaba da magani kwanaki bayan ɗigon ƙarshe. Kuma yakan fara ɓoye a kunnuwa inda ba ka gani, sai dai ka lura kifi na goga jikinsa a bututu.

A nan akwai tarkon da ke cin sababbi. Kowa zai ce maka "ƙara zafin ruwa". Ga farin ɗigo hakan na hanzarta zagayen. Amma akwai wata cutar bakteriya, kolumnaris, mai fitowa kamar farin auduga a baki ko farin tabo a gadon baya kamar sirdi, ita zafi ne abincinta, tana iya share tanki cikin kwana biyu. In ka ɗauke ta a matsayin farin ɗigo ka murɗa hita sama, ka taimaka mata. Ka tabbatar da abin da kake gani kafin ka taɓa hita, ka ɗauki hoto ka tura wa dattawan ƙungiyar, za su amsa maka.

Sai tambayar da ake ta gardama a kai: a ba sabon kifi magani tun bai nuna ciwo ba? Wasu na zuba magani uku a ranar farko. Ni ba na yi, ban kuma yarda a riƙa zuba maganin kashe bakteriya haka kawai ba, yana kashe masu amfanin da ke cikin soso, yana kuma koya wa masu cutar jure magani. Makon farko ido kawai nake sawa, da ruwa mai tsabta da abinci kaɗan. Inda na sassauta shi ne tsutsa, saboda darasin da na gaya maka: tsutsar ciki na iya wuce wata guda ba ta nuna kanta ba. Don haka in kifi ya fara ci sosai, a mako na biyu nakan ba shi lebamisol, maganin tsutsar nan da ake ba awaki da tumaki. Ba ya kashe tsutsar nan take, sandarar da ita yake yi kifin ya kasayar da ita, don haka washegari dole ka zuƙe ƙasan tanki tas ka canza ruwa, ka maimaita bayan mako biyu zuwa uku don waɗanda suka rage. Haske na lalata shi, a kashe fitila. Ga ƙananan tsutsotsin fata da na kunne kuma firazikwantel, shi ne dai maganin da ake ba yara a gida don tsargiya. Na kunnen ƙwai suke yi, ƙwan kuma ba ya jin magani, shi ma sai an maimaita. Siklid mai farin kashi kamar zare wanda ya ƙi abinci, metronidazol, wanda muka fi sani da Flagyl. Ka sayi waɗanda aka haɗa don kifi ka bi awon da ke jikin kwalbar, kada ka kwatanta da na mutum ko na akuya. Kafin kowane magani cire gawayin matata in akwai, don yana shanye shi. Duk maganin da ke da tagulla a ciki yana kashe jatan lande da katantanwa. Kifaye marasa ɓawo, irin su kurungu da danginsa, ba sa jure cikakken awon maganin farin ɗigo, a duba takardar. Gishiri ma magani ne, giram 1 zuwa 3 a kowace lita, amma ba kowane kifi ke sonsa ba, tsirrai kuma ba sa sonsa sam.

Aikinka na kullum a wannan watan minti biyar ne safe da yamma. Ka zauna nesa kaɗan kafin ka ba da abinci, ka ƙirga su, ka ga wanda ya ware kansa, wanda ke rataye a saman ruwa yana haki, wanda ya ɗauki abinci ya tofar. Ka auna amoniya da naitirait kullum a makon farko, duk abin da ya wuce sifili ka canza ruwa, da ruwan da aka cire wa kulorin mai zafi ɗaya da na tankin.

Akwai abin da ba ya warkewa, gara ka sani. Kifin da ke ci amma yana ramewa, bayansa na lanƙwashewa, gyambo na fitowa, ana zargin tarin fukan kifi ne, ƙwayar Mycobacterium. Wannan ba ya shiga babban tanki ko ya yi wata shida a killace, haka abokan zamansa. Ƙwayar tana kuma kama mutum ta rauni a hannu, ta fito kamar ƙurji mai tauri da ya ƙi warkewa. In kana da yanka a hannu sa safar roba, in kuma irin wannan ƙurjin ya fito maka ka gaya wa likita kana kiwon kifi. Kifin da ya kai ga haka a sauƙaƙa masa da man kanumfari a ɗan ruwa, yana sa shi barci har ya cika. Kada ka zuba shi a masai da rai, kada kuma ka saki kowane kifi ko tsiro a rafi ko tafkin unguwa, a jihohi da yawa na ƙasar nan laifi ne.

Tsirrai ma za ka gan su da araha a gwanjon, kuma sun fito ne daga tankin da kifi ke ciki. Ka ajiye su a bokiti ko kwalba mai haske inda babu kifi na mako biyu zuwa uku, ƙwaron farin ɗigo zai mutu don rashin mai ɗaukarsa. In katantanwa ce ba ka so, jiƙa su kwana biyu a ruwan alam, wanda muke sa wa ruwan rijiya ya kwanta, cokalin cin abinci ɗaya a galan guda, sannan ka ɗauraye sosai.

Ranar da wa'adi ya cika, a makon ƙarshe ka riƙa canza ruwan ƙaramin tankin da ruwan babban, don baƙin su saba da shi. Ka ciyar da 'yan gida tukuna, ka kashe fitila, ka ɗauko sababbin da raga ka sake su. Ƙaramin tankin ka wanke shi da bilic kashi ɗaya a ruwa kashi tara, ka ɗauraye har warin ya tafi, ka bar shi ya bushe ƙarau. In an yi ciwo a cikinsa, soson ka jefar, ba shi da tsada. Ka sayi wani ka jefa a babban tankin tun yanzu, don ƙungiyoyin nan yawanci sau biyu suke gwanjo a shekara, kuma na san za ka koma.